Na sayar da gonar marayun ƙanena, shin jinin Yesu ya rufe wannan?

Malam, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni dattijo ne a ikkilisiyarmu, shekaruna sun haura 50. Shekara 9 ke nan da ƙanena ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya uku, gonarsa kuma ta dawo hannuna amana. Da matsi ya same ni sai na sayar da ita, na ce wa matar bashi marigayin ya bari aka biya da kuɗin, alhali ko sisi ba a bin sa. Ta yarda, har da yi mini godiya. Babban yaron ya bar makaranta, yanzu acaɓa yake yi. Tun daga lokacin ban san kwanciyar rai ba. Ina azumi duk Juma'a, na ninka baikona, rabin kwanon rufin majami'armu ni na saya. Shekara biyu rabona da cin jibin Ubangiji, da an fara rabawa sai in sulale waje. Fasto yana wa'azi cewa Yesu ya biya duka a kan gicciye. In ya biya, me ya sa nake jin nauyin? In bai biya ba, me zan ƙara? Wani abokina Musulmi kuma ya taɓa tambayata yadda za a yi wani ya mutu saboda laifin wani, na rasa amsa.

Dattijo,

Bari in fara da kwanon rufin, domin a nan lissafinka ya karkace. Ka ci dukiyar yara uku, ka ɗauki kuɗi ka kai majami'a, kana jiran a rage maka nauyi. Yaran ba su ga ko kwabo ba, Allah kuwa bai taɓa cewa yana bin ka kwano ba. Shekara 9 kana biya a inda ba a bin ka, inda ake bin ka kuma ko leƙawa ba ka yi ba. Annabi Ishaya ya gamu da irinka tun da daɗewa. A sura ta 1 ta littafinsa Allah ya ce wa mutanen Yahuza ya ƙoshi da ragunansu da kitsen turkakkun dabbobinsu, ko sun yawaita addu'a ba zai saurara ba. Abin da ya nema a aya ta 17 shi ne su tsaya wa maraya, su kāre hakkin gwauruwa. Ka ga kamar da wasiƙarka a hannunsa ya rubuta.

Na san maganar ta yi zafi. Na fara da ita ne don kada abin da zai biyo baya ya zama maka matashin kai, gama abin da zai biyo bayan albishir ne na gaske.

Yawancinmu mun tashi da tunanin cewa hadaya toshiyar baki ce: mutum ya yi laifi, ya nemo abin da zai miƙa wa wanda ya fi ƙarfinsa don ya huce. Haka kakanninmu suka yi a gindin tsamiya da bakin duwatsu, kuma wannan tunani yana bin mu har cikin majami'a, sai dai maimakon baƙar akuya yanzu ambulan ne. Littafi Mai Tsarki ya juya abin. A Littafin Firistoci 17:11 Allah ya ce ran halitta a cikin jini yake, kuma shi ne ya ba su jinin a kan bagade don a yi kafara. Wanda aka yi wa laifin shi ya tanadi hanyar gyara. Ka riƙe wannan da kyau, domin duk ma'anar gicciye a cikinsa take.

Dubi yadda ake Ranar Kafara a sura ta 16. Sau ɗaya a shekara, ran 10 ga wata na bakwai, babban firist yakan tuɓe kayan alfarmarsa ya sa tufafin lilin. Yakan fara yanka bijimi saboda zunubin kansa da na gidansa, don shi ma mai laifi ne. Akan kuma kawo bunsuru biyu a jefa ƙuri'a. Ɗaya a yanka shi, firist ya shiga da jinin bayan labule, Wuri Mafi Tsarki, ya yayyafa a murfin akwatin alkawari. Ɗayan kuwa a bar shi da rai. Firist ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta dukan laifofin jama'a, sa'an nan wani mutum ya ja shi can cikin jeji ya sake shi. Jama'a suna tsaye suna kallon laifinsu yana tafiya da ƙafa huɗu har ya ɓace musu. Ka lura, sai an faɗi laifin da baki kafin bunsurun ya tafi da shi. Za mu dawo kan wannan.

Amma baɗi sai an sake. Baɗin baɗaɗa ma haka. Marubucin Ibraniyawa ya faɗi dalili ba kwana-kwana a 10:4, cewa ba shi yiwuwa jinin bijimai da awaki ya kawar da zunubi. Ya ce firistoci kullum a tsaye suke suna miƙa hadaya iri ɗaya, Almasihu kuwa da ya miƙa hadaya guda sai ya zauna. Mai aiki ba ya zama sai ya gama. Azuminka na Juma'a, Dattijo, ya zama irin waccan tsayuwar, mako ya zagayo ka sake, mako ya zagayo ka sake. Azumi ba laifi ba ne, ni ma ina yi. Aikin da ka ɗora masa ne ya fi ƙarfinsa.

Yanzu gicciyen kansa. Mun saba ganinsa a wuyan mata da saman majami'u har mun manta abin da yake. Hukuncin Romawa ne na bayi da 'yan tawaye, wanda a ka'ida ba a yi wa ɗan ƙasar Roma. Bayan da aka murƙushe tawayen bayi na Spartakus a shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu, an gicciye mutum 6,000 a gefen babbar hanyar da ta tashi daga Kafuwa zuwa Roma. A 1968 masu tono a arewacin Urushalima sun sami ƙashin diddigen wani mutum da aka gicciye a ƙarni na farko, ƙusar tana nan a soke. Manufar hukuncin ba kisa kaɗai ba ce. Ana tuɓe mutum, a rataye shi a bakin hanya, masu wucewa su yi masa ba'a, ya mutu a hankali a idon kowa. Wajen Yahudawa kuma akwai ƙari, domin Maimaitawar Shari'a 21:23 ta ce wanda aka rataye a itace la'ananne ne. Da irin wannan mutuwa aka kashe Yesu a zamanin Bilatus Babunti, wanda ya yi gwamnan Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36. Shi ya sa Bulus ya yarda cewa wa'azin gicciye abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, wauta kuma ga sauran al'ummai.

Na tsaya a kan wannan saboda kai. Abin da ya hana ka magana shekara 9 ba rashin kuɗi ba ne, tunda ka sami na kwano. Kunya ce. A ce dattijon ikkilisiya, mai zama a gaba, mai raba baiko, shi ya cuci matar ƙanensa. To, Mai Ceton da kake bi ya san tonon asiri a bainar jama'a fiye da yadda za ka taɓa sani, kuma shi bai ci gonar kowa ba. Duk kunyar da ke jiranka a ƙofar gidan matar nan, ya riga ka shiga wadda ta fi ta.

Tambayar abokinka tambaya ce mai kyau, kada ka ji haushinta. Musulunci bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, haka Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce, kuma yana koyar da cewa babu mai ɗaukar nauyin wani. A nan addinan biyu suka rabu, babu amfanin shafa wa maganar mai. Ko a namu littafin, Ezekiyel 18:20 ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Da Allah ya kamo wani bawan Allah can gefe, wanda bai ji ba bai gani ba, ya ɗora masa hukuncinka, da abokinka ya yi gaskiya, zalunci ne. Abin da Kirista ya gaskata dabam ne. 2 Korintiyawa 5:19 ta ce Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa. Wanda aka yi wa laifin da wanda ya ɗauki asarar ɗaya ne. Yesu kuma ya ce a Yahaya 10:18 ba mai karɓe ransa, shi yake ba da shi don kansa.

Ka tambayi abokin naka wannan. Mai shagon hatsi yana bin wani buhu biyar, ya ga mutumin ba shi da halin biya, ya ɗauki biro ya soke sunansa a littafin bashi. Ina buhu biyar ɗin suka tafi? Ba su narke ba. Mai shagon ne ya ci asarar. Duk yafiya ta gaskiya haka take, akwai wanda ya haɗiye zafin, kuma shi ne mai yafewar. Masu cewa ai Allah mai iko ne, ya yafe kawai mana, sun manta cewa “kawai” ɗin nan ba ta wanzu ko tsakanin mutum da mutum. Sarkin da zai ce wa wanda ya ci dukiyar maraya je ka ba komai, ya gaya wa marayan cewa hawayensa ba komai ba ne. A kan gicciye Allah ya nuna cewa abin da ka yi wa yaran nan babba ne, girmansa ya kai jini, sa'an nan shi ya zub da jinin. Ba lalle abokinka ya yarda ba, kuma ba sai kun ɓata ba. Abu ɗaya dai na tabbata, in ka gaya masa labarin gonar zai ce maka ka mayar, domin Suratun Nisa'i ɗin nan, a aya ta 10, ta kwatanta cin dukiyar marayu da cusa wuta a ciki.

To, amsar tambayarka ta farko: e, jinin Yesu ya isa ya rufe wannan. Ya rufe na Dawuda, wanda ya ɗauke matar Uriya ya kuma sa aka kashe shi a bakin dāga. Ya rufe na ɗan fashin da aka gicciye kusa da Yesu, wanda hannuwansa ke kafe, ba damar ya mayar wa kowa komai. Kolosiyawa 2:14 ta ce takardar bashin da ke kanmu an soke ta, an kafe ta a gicciye. Da Yesu ya ce “An gama” bai bar wani ɗan cikon da dattijo zai zo ya biya da bandir ɗin kwano ba. Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya, ya gwada hanyarka kafin kai. Ya shiga gidan sufaye a Erfurt ta ƙasar Jamus a 1505, ya yi azumi har ya rame, yakan daɗe yana furta zunubansa har mai sauraronsa ya gaji. Shugabansa Staupitz ya ce masa ya daina tonon kansa, ya dubi raunukan Almasihu. Ni ma abin da zan ce maka ke nan. Ba abin da za ka ƙara.

Me ya sa nauyin bai sauka ba, in haka ne? Saboda laifin naka bai zama tarihi ba tukuna. Yau da safe ma ka sake yin sa. Duk ranar da matar nan ta gaishe ka da ladabi tana zaton kai ka rufa wa mijinta asiri, ƙaryar ta sabunta. Duk ranar da yaron ya hau babur maimakon ya shiga aji, gonar ta sake sayuwa. Ka ɓata sunan mamaci da bashin da bai ci ba, kuma 'ya'yansa suna girma da wannan labari game da ubansu. Mutum ba ya neman gafarar abin da yake riƙe da shi gam a hannu. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wannan nauyin da kake so in taya ka saukewa, ni ina ganinsa alheri. Ranar da za ka zauna a gaban tebur ɗin Ubangiji ba ka ji komai ba alhali gonar tana inda take, ranar ce zan ji maka tsoro.

Littafin Firistocin da ya ba mu Ranar Kafara yana da doka a kan irin shari'arka daidai. Farkon sura ta 6 yana magana a kan wanda ya ci amanar da aka ba shi ajiya, ya kuma yi ƙarya a kanta. Sai ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, wato mai naira 100,000 ya biya 120,000, ya ba mai shi a ranar da zai kawo ragonsa wurin firist. Ragon na Allah ne, kuɗin na mai hakki, ɗaya ba ya tsaya wa ɗaya. Ragonka an riga an yanka shi a Golgota, inda aka gicciye Yesu. Saura ɗaya hannun. Yesu bai soke wannan ba, ya ma tsananta shi. A Matiyu 5:23-24 ya ce in kana gaban bagade da baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon a nan, ka je ku shirya tukuna.

Jerin abubuwan yana da muhimmanci, kada ka juya shi. A Yariko, Yesu ne ya fara ɗaga kai ya kira wani mai karɓar haraji mai suna Zakka daga kan itace ya ce yau a gidanka zan sauka, tun mutumin bai yi alkawarin komai ba. Bayan an karɓe shi ne ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Yahuza Iskariyoti, almajirin da ya ba da Yesu, shi ma ya mayar da kuɗi, azurfa 30 ɗin da aka biya shi ya watsar da su a Haikali, amma ya je ya rataye kansa, domin ya mayar da kuɗin ne ba tare da ya koma wurin wanda ya ci amanarsa ba. In ka je wurin matar ƙanenka don ka sayi gafarar Allah, za ka dawo da nauyinka, ka canja wurin biya ne kawai. Ka je a matsayin wanda aka riga aka yafe wa, wanda ba ya bukatar kāre sunansa kuma. Akwai wata 'yar gajeruwar wasiƙa da Bulus ya rubuta wa Filimon game da bawansa Unisimas da ya gudu. Ya ce in yana da bashinka ka ɗora a kaina, ni zan biya. Duk da haka ya tura Unisimas ya koma ya tsaya a gaban maigidansa, da takardar a hannu.

Ga yadda nake ganin za ka bi da shi. Ka fara gaya wa matarka, domin abin da za a biya daga tukunyar gidanku zai fito, bai kamata ta ji a bakin duniya ba. Sa'an nan fasto, kai da shi kaɗai. Ku je wurin matar marigayin tare da wani babba na dangi wanda ita ta yarda da shi, ba wanda kai ka zaɓa don ya tausasa maka ba. Ka faɗi abin da sunansa: mijinki bai bar bashi ba, ni na sayar da gonar na ci kuɗin, na yi miki ƙarya. Ban da “Shaiɗan ne”, ban da dogon labarin matsin da ka shiga. Bunsurun nan ba ya tafiya da laifin da aka lulluɓe.

Kada ka biya da farashin shekara 9 da suka wuce. Kai ma ka san nairar lokacin ba ita ce ta yau ba. A kimanta gonar yadda take yanzu, a gaban mai unguwa ko dagaci, a rubuta, a sa hannu. In wanda ya saya zai yarda ya sayar, ka fanso ta, amma kada a matsa masa, shi da gaskiyarsa ya saya. In ba hali, ka ba su daga taka gonar, ko ka biya kashi-kashi da ranakun da aka tsayar. Ƙarin da kake kai wa majami'a don ka sami barci, ka karkata shi can har sai ka gama. Ka tambayi babban yaron ko yana son komawa karatu ko koyon sana'a, kada ka yanke masa. Shekarun da ya rasa kam ba za ka iya mayar masa ba, kuma wannan ɓangaren zai ci gaba da yi maka ciwo. Shi ne za ka riƙa kai wa gindin gicciye, tunda ba kotu ko kasuwar da ke karɓarsa.

Wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta zage ka, wataƙila ta tashi ta bar ku zaune. Tana da hakki. Kada kowa, har fasto, ya buɗe mata aya a ranar ya ce dole ta yafe. Kai ka ɗauki shekara 9 kafin ka buɗe baki, ita ma a ba ta lokacinta. In majalisar dattawa ta ce ka sauka daga kujerarka na wani lokaci, ka sauka ba gardama. Ni da zan ba ka shawara ma, kai ka fara miƙa kujerar.

Game da jibin Ubangiji, mutane da yawa suna karanta gargaɗin 1 Korintiyawa 11 kamar an ce sai marar zunubi zai ci. Da haka ne da ba mai ci, har mai rabawa. Abin da ya ɓata wa Bulus rai a Korinti shi ne masu hali suna ci su ƙoshi, 'yan'uwansu marasa shi suna zaune da yunwa a taro ɗaya. Saboda haka zuciyarka ba ta yi maka ƙarya ba da ta riƙa fitar da kai waje, musamman in matar nan tana zaune a layin zumuntar mata a majami'a ɗaya da kai. Amma waje ba mazauni ba ne. Ba sai ka gama biyan kashin ƙarshe za ka dawo ba. Ranar da ka faɗa mata gaskiya aka kuma rubuta abin da za ka mayar, ka zauna a bencinka, in gurasar ta iso gare ka ka miƙa hannu ka karɓa.

Ka nemi fasto a wannan makon, kafin Lahadi. In kun je kun dawo, ka sake rubuto mini, ina so in ji abin da yaron ya zaɓa.